Farar Rigar Zuwaira

To, Malam Sabi'u, na ji yaronka ya kwaso maki a jarrabawar shiga jami'a, har ka ɗaure rago a ƙofar gida. Allah Ya sanya albarka. Amma kafin ka wasa wuƙa, zauna in ba ka misali.

An yi wani tela da shagonsa ke kallon ƙofar wata babbar jami'a, irin wadda kowa ke mafarkin ɗansa ya shiga. Shekara ashirin da biyar yana ɗinka wa ɗaliban likitanci fararen rigunan da suke sawa in za su asibiti, shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa wuce maigadi ba. A aji shida na firamare karatunsa ya tsaya, abin kuma yana ci masa rai. In ɗalibi ya zo awo, sai ya riƙa jan tef a hankali don ya samu damar tambaya, wai da gaske ne akwai littafin da ya fi bulo nauyi a can ciki? Yana da 'ya ɗaya, Zuwaira, yarinya mai kai kamar me. Ranar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, ta ci ɗari uku da goma sha ɗaya cikin ɗari huɗu, duk unguwar babu wanda ya kamo ƙafarta. Bawan Allahn nan ko azahar bai jira ba. Ya sauko da yadin da ya daɗe yana hana kowa, ya auna ta, ya yanka, ya ɗinka, sannan ya ɗauki shuɗin zare ya saƙa sunanta a bakin aljihu da hannunsa. Matarsa ta ce, "Malam, ka bari sunaye su fito mana." Ya ce, "Da wannan makin? Ai ƙofar da kanta za ta buɗe."

Abin da bai hango ba shi ne, gurbin karatun likitanci ɗari da hamsin ne kacal, masu nema sun haura dubu shida, kuma kowane gari da tasa Zuwairar. Jami'a ta sake yi musu nata gwajin, aka haɗa maki, aka ja layi, layin ya wuce ta da maki biyu. Ranar da aka liƙa sunaye ita ce ranar farko da ya taka cikin jami'ar nan. Ya bi takardar da yatsa sau uku, ya dawo shago ya rataye rigar a bayan ƙofa. Zuwaira ta sha kukanta, ta koma ga littafi tana jiran baɗi. Da aka buɗe makaranta, sai ga wata sabuwar ɗaliba a gurguje, gobe ake son ta da farar riga, kuma tsayinta da faɗin kafaɗarta sak na 'yarsa. Ya tambaye ta nawa ta ci. Ta ce, "Ɗari uku da biyar, Baba, a gwaji na biyu ne Allah Ya taimake ni." Sai ya ɗauko rigar, ya sa reza yana warware sunan, harafi bayan harafi, ko da yake hudar allura ba ta ɓace ba. Yarinyar ta rataya ta a hannu ta ƙetara titi. Shi kuwa ya tsaya a bakin shago da guntayen shuɗin zare a tafinsa, yana kallon rigar 'yarsa ta shige ƙofar ba tare da ita ba.

Saboda haka, Malam Sabi'u, ka ci gaba da ba ragon nan dusa har sai ka ga sunan yaro da idonka. Tun ba yau ba Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.