Kitson da Ya Karkace

Saura layi uku ta gama saƙa masa abin rufe wuya, na ulu mai kauri da zanen kitso, sai ga shi, saurayinta direba, ya shigo shagonta da jaka a kafaɗa. Gobe zai tafi aiki ƙasar sanyi, shekara biyu.

Ya shafa saƙar da yatsa. "Nan kitson ya karkace."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ranar da ka ce za ka tafi na saƙa wurin. Ka je wajen Baba kan maganarmu?"

Ya kau da ido. "In na dawo zan je."

Ta zare tsinken saƙar gaba ɗaya, ta naɗe bakin zaren a yatsa.

"Ja ɗaya zan yi, aikin wata guda ya warware. Ni ba na ɗumama wuyan da ba nawa ba."

Ya dubi zaren da ke naɗe a yatsanta. A hankali ya sauke jakar ƙasa.

"Mayar da tsinken. Baba yana gida yanzu?"

"Yana nan."

Ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. "Karkataccen nan kuma, kar ki gyara min shi."