Jan Sifirin

Wata la'asar a Makera, ina 'yar shekara bakwai, na kai wa Baba abinci, na tarar yana mayar da birkin baya na wata tsohuwar akori-kura. Mai motar na tsaye a kansa. Sifirin biyu, murɗaɗɗun ƙarafan nan na cikin birki, suka rage a kan buhu, ja da kore, kowanne da gurbinsa. Baba ya daɗe yana shafa su.

"Uwata," ya ce a hankali, "miƙo mini jan."

Nan na gane idonsa ya fara mutuwa, kuma in mutumin ya lura, aiki ya ƙare. Na sa masa a tafin hannu, ya matse yatsuna tare da ƙarfen.

"Malam, 'yarka akwai ladabi," in ji mai motar.

Ko Inna ban gaya wa ba. Yanzu na tsufa, amma babu wanda ya sake riƙe hannuna haka.