Sakan Goma Sha Huɗu

Tayar motar ta fi kullum nauyi. Da igiya aka ɗaura mata ita a ƙugu. Ta ja ta mita talatin, ta juyo, ta sake ja. A karo na shida ta durƙushe a kan jar ƙasar filin, ƙirjinta na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri.

"Tashi, Mama," in ji koci. "Agogo ba ya ganin girman furfura."

Mako uku ya ba ta. Ko ta cinye mita ɗari cikin sakan goma sha huɗu, ko ya ba Barewa gurbinta a gasar da ke tafe. Barewa doguwar yarinya ce, 'yar shekara ashirin, mai gudu kamar ba ta taka ƙasa. Ita kuwa Mama tela ce, ta ba arba'in baya, kuma sha biyar ne iyakar abin da ƙafarta ta taɓa bayarwa.

Kullum in ta idar da sallar asuba sai su kama hanyar fili ita da Autarta, hannu cikin hannu. Litinin jan taya. Talata hawan matakalar 'yan kallo da gudu, a sauko a hankali, a sake hawa. Laraba ɗaga gwiwa har ƙugu, sannan zabura daga durƙuso da zarar an tafa hannu, sau ashirin. Sauran 'yan gudu koci kan ce su rufe baki su adana numfashi. Ita kaɗai yake daka wa tsawa.

"Ba na jin muryarki! Ƙirga da ƙarfi!"

Sai ta ƙirga takunta, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, hannunta na hagu damƙe da 'yar igiyar da ta ɗinka daga ragowar yadi.

A gida keken ɗinki ya fara gagararta, ƙafar sai rawa take a kan mataki. Da la'asar Auta kan zauna a ƙasa ta mulmula mata ƙwauri da mai. Yatsun yarinyar ba sa kuskuren inda ya kumbura.

"Ƙafarki ta hagu tana ja, Mama. Tun daga nesa nake jin ta."

"Ke dai kunnenki kamar na zomo."

"Ki haƙura haka nan mana."

"In haƙura, ki ce tsohuwa ta gaza? Matsa ƙasa kaɗan. Yawwa, nan."

Gwiwa ta kai ta ga yin nafila a zaune. Duk da haka addu'arta ɗaya ce tun shekara tara da suka wuce. Ba ta sauya ta ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Ranar gwaji ta yi bisimilla ta durƙusa a bakin layi. Auta na zaune a kan benci, ta karkata kai. Koci ya tafa. Mama ta zabura, ta yi duk abin da aka koya mata: gwiwa sama, kafaɗa a sake, ƙirga a baki. Ba ta taɓa jin iska ta mari fuskarta haka ba.

Koci ya daɗe yana kallon agogon.

"Sha huɗu da ɗigo huɗu. Wallahi kin yi ƙoƙari, Mama, amma..."

"Na gane," ta ce. "Alhamdulillahi."

Sai da numfashinta ya dawo ta yafito Barewa, ta danƙa mata igiyar, jiƙe da gumi.

"Riƙe da kyau, 'yata, amma kada ki ja. Ki yi ta magana, ba a son shiru. In kun kusa layi ki rage taku ɗaya. Ba ke za ki fara tsallakawa ba."

Sannan ta kamo hannun Auta, ta zura mata ɗaya bakin igiyar kamar yadda ta saba. Shekara tara tana gudu a gefen 'yarta makauniya, ita ce idonta, tana roƙon Allah ya ƙara wa yarinyar sauri, sai ga shi yau ya amsa har ta fi ƙarfin uwar.