Ruwan Azurfar Dakta Munir

Dakta Munir ya tsiyaya dafaffen ruwan ganyen darbejiya a cikin sinadarin azurfa, ya girgiza kwalbar a gaban 'yan gidansu, a wani ƙauye kusa da Tofa. Ya yi musu bayani da Hausar da rabinta Turanci ne: idan ruwan ya rine, to azurfar ta koma ƙwayoyin da ido ba ya gani, masu kashe ƙwayoyin cuta.

Gwaggonsa Sauda, wadda ta shekara arba'in tana wanke wa mutane gyambo da jiƙon bagaruwa, ta leƙo.

"Ashe kai ma jiƙo kake yi."

"Gwaggo, wannan kimiyya ce. Naki kuwa, wanda ya warke kwanansa ne a gaba."

Ya ajiye kwalbar a gindin rumbu, ya kori akuyoyi da ƙafa, ya tafi masallacin Juma'a. Da ya dawo, ruwan ya rine fiye da duk wanda ya taɓa haɗawa. Gwaggo tana ta shara, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na'urar tantance azurfa ta jami'arsu ta lalace tun bara, don haka Dakta ya yarda da idonsa. A ɗakin gwaji, ruwan ya kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari magunguna uku. Ya rubuta maƙala, ya nemi kujerar farfesa, ya shiga rediyo ya ce zamanin jiƙe-jiƙen tsofaffi ya wuce.

Sai wasu masana daga ƙasar waje suka nemi ya aiko da ƙari su gwada.

Sau goma sha tara ya haɗa, ko kusa da na farko bai kai ba. Ya zargi ruwan famfo, ya zargi ɗalibansa. Daga ƙarshe ya ce asirin yana jikin bishiyar darbejiyar ƙauyensu. Ya dawo ya tsige ta tas har aka rasa inuwa. A banza.

Saura mako guda wa'adin da masanan suka ba shi ya cika, ya zauna a tsakar gida duk ya rame, ya zayyana wa Gwaggo komai.

Sai ta ce, "Da ka tambaye ni tuntuni. Kana fita akuya ta ɓarar da naka. Gudun faɗanka ne ya sa na cika maka kwalbar da jiƙon bagaruwata."