Faifan da Ya Sha Ɗagawa

"An sake ɗagawa?" Wani magidanci ya buga hannu a kan teburin shagon. "Tun bishiyoyi na fure na biya kuɗin faifan fim ɗin zanen nan, ga shi har dusar ƙanƙara ta rufe garin nan namu na Sapporo, bai fito ba!"

Mai shagon ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tebur. "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Masu zanen ne ke gyara idon jarumar."

"Ido ɗaya, shekara guda? Ko likita ai da ya sallame ta!"

A gida ma, matarsa ta sha mitar har ta haddace. Ranar da faifan ya iso, ta dafa shayi, ta jera matasai gaban talabijin, yau dai kunnenta zai huta.

Ya sa farar safar hannu, ya ɗauko kwalin faifan kamar jariri, ya ajiye shi cikin kabad ɗin gilashi, ya kulle.

"Maigida, ba za mu kalla ba?"

"In yage ledar kwalin? Ai wannan na ajiya ne!" Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Mu da ko na'urar kunna faifai ba mu da ita!"