Jallabiyar Aro a Shagon Tabawa

Saje Mamuda ya faɗo shagon maganin Tabawa da 'yarsa Uwani a kafaɗa, bakinta sai warin kananzir. Na'urar duba marasa lafiya na hango kakinsa ta ɗauke wuta.

"Saje, kullum sai an tuna maka?" Tabawa ta cillo masa jallabiya daga bayan ƙofa.

Tun da kamfanin na'urar ya ɓata da gwamnati, ya ce ba za a yi yaƙi da kayansa ba, ta daina magana a gaban mai kaki. Shi ya sa Tabawa ta tanadi jallabiyoyi uku saboda mutanen bariki.

Ya zura jallabiyar, ta tsaya masa iya gwiwa. Na'urar ta farka.

"Kada a ba ta manja, kada a sa ta amai. Kwantar da ita in ji ƙirjinta." Can ta ce, "Bai taɓa huhu ba. A kai ta asibiti su sa mata ido."

Mamuda ya sauke ajiyar zuciya. Uwani ta leƙa ƙwaurinsa ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, rigar wa ka sato?"

Fitarsu ke da wuya wani dattijo ya yi sallama, babbar rigarsa ta sha guga.

"Hajiya, 'yar tambaya zan yi wa na'urarki. Su wa ke zuwa daga bayan daji neman maganin raunin harsashi?"

Tabawa ta dubi ƙafarsa. Takalminsa irin na Saje ne, sai dai ya fi sheƙi. Na'urar kuwa tana nan a kunne.