Fetur a Rijiya

"Malama, kotu na jiranki," in ji lauya. "Daga ina fetur ya shiga rijiyoyin nan?"

Aikinta ke nan, bin sawun ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Mutanen unguwarsu ne suka ɗauko ta, don ta tabbatar wa alƙali cewa masana'antar bakin hanya ce ta ɓata musu ruwa. Ta auna kowace rijiya, ta sake aunawa har da addu'a, amma ruwan bai sauya magana ba. Daga tudu yake gangarowa, masana'antar kuwa a kwari take. A tudun babu komai sai gidan mai guda.

"Tankin gidan mai ne ya huje," ta ce, murya can ciki.

"Na wa?" in ji lauyan.

Daga cikin 'yan kallo, kawunta ya harare ta. Yayanta ya girgiza mata kai. In ta faɗa, an rufe wurin da ke ciyar da gidansu.

Sai mahaifinta ya doka sanda a ƙasa.

"Ke! Buɗe baki ki ce na ubanki ne! Na kai ki makaranta ne don ki zo gaban alƙali kina raɗa?"